KASHI NA 23: Kainji Ta Ba Ƙasa Wuta, Wa Ta Bar Wa Gyaran Hanya Da Kwata A Ƙasar Yauri?

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan mako domin waɗanda data ba ta bari sun saurari murya ba, da waɗanda suka fi son karantawa a tsanake.

Yau kudancin jihar Kebbi za mu nufa, ƙasar Yauri: ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, da garuruwan da ke jere a bakin tafkin Kainji. In aka ce tarihi, yawancinmu sarakuna da yaƙe-yaƙe ke faɗo mana a rai. To yau tarihin kwata za mu yi. Eh, kwata, da kwalbati, da masai, da hanyar burjin da ke kai ka ƙauye. Kar ku yi dariya. Abin da ke hana mai albasa kai kayansa kasuwa da damina, abin da ke sa yaro ɗan shekara tara fitsarin jini, duk a nan suke. Tambayar da za mu bi tun daga farko har ƙarshe guda ɗaya ce: a kowane zamani, in abu ya lalace a ƙauye, wa ke gyarawa?

LOKACIN DA KOGI NE HANYA

Mu koma baya, kafin a san wani abu wai shi dam. Kogin Neja, wanda mutanen bakinsa ke kira Kwara, idan ya iso ƙasar Yauri sai ya rarrabu, ya bar tsibirai a tsakiya. Tsibiri shi ne gungu, mazauna cikinsa su ne Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe. Ga Kambari a tudu, ga Shangawa, ga Dukkawa, ga Sarkawa masunta, ga kuma Yaurawa masu sarauta. Tsohuwar hedikwata ita ce Birnin Yauri, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da gidan sarauta Yelwa a 1888.

A wancan zamani babbar hanyar ƙasar ita ce kogin kansa. Fataken goro masu zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja a wannan yanki suke samun fito. Mungo Park ta nan ya wuce kafin ya halaka a Bussa a 1806, 'yan'uwan nan biyu Richard da John Lander su ma sun sauka Yauri a 1830. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya shugabanci jami'ar Sakkwato, ya yi bincike mai zurfi a kan Yauri ta ƙarni na 19, kuma duk wanda ya bibiyi aikinsa zai gane cewa arzikin masarautar a bakin ruwa yake.

To ku lura da wani abu. Kogi hanya ce da ba ta buƙatar gireda. Abin da ke buƙatar gyara shi ne kwale-kwale, shi kuwa yana da mai shi. In ya fara yoyo, mai shi ya san ba wanda zai jira. Gida ma haka: ginin ƙasa ne da jinka. Kafin damina a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a sake ciyawa. Kayan gyaran a ƙarƙashin ƙafarka suke, gwanin gyaran maƙwabcinka ne. Turbar da ke zuwa gona ko mashaya kuma, in ciyawa ta cinye ta, sai a kira gayya.

Ƙazanta fa? Mutane ba su da yawa, gidaje a warwatse, kogi kuma yana gudu. Abin da ya shiga ruwa yau, gobe ya yi nisa. Ba ana cewa aljanna ce ba. A inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu akwai wani ɗan baƙin ƙuda da ke haihuwa, cizonsa ya makantar da mutane da yawa a yankin. Amma ta fuskar gyara dai, kusan komai yana da ubangida da aka sani da suna.

ZAMANIN EN'E DA DUBA-GARI

Da Turawa suka zo a farkon ƙarni na 20, suka kawo mota, mota kuma ta kawo buƙatar hanya mai faɗi. Sannu a hankali aka samu babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yelwa, ta wuce Koko da Jega ta shiga Sakkwato. Ita ce yau ake kira A1. Ƙananan hanyoyi kuwa aikin En'e ne, wato hukumar gargajiya, da kuɗin baitulmali da kuma guminsu talakawa.

Nan fa sai a faɗi gaskiya yadda take. Yawancin aikin hanya a farkon mulkin mallaka aikin tilas ne. Umarni ya fito daga sama, ya sauka kan hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya tara maza da fartanya da kwando bayan ɗaukewar ruwa, a cike ramuka, a share gefen hanya. Wanda ya ƙi ya gamu da dogari. Daga baya aka koma ɗaukar leburorin hanya ana biyansu, kowace tawaga da iya zangonta. A cikin gari kuma ga duba-gari, wanda kakanninmu har yanzu in an ambace shi sai sun yi murmushi mai haɗe da tsoro. Ya leƙa randa, ya duba masai, ya bi kwata ya ga inda ta zuba. In ya samu ƙazanta, sai gaban alƙali.

Babu mai fatan a dawo da bulala. Amma akwai abin ɗauka a ciki: in kwalbati ya toshe a wata hanya, an san wanda za a tambaya, shi ma ya san za a tambaye shi. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

1964 ZUWA 1968: DA RUWA YA TASO

Bayan samun 'yancin kai, Najeriya na neman wutar lantarki. A 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwan Neja, a 1964 aka fara ginin madatsar Kainji da rancen Bankin Duniya da na wasu ƙasashe, kamfanin Impregilo na Italiya ne ya yi ginin. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka toshe ruwa ya fara taruwa, a watan Fabrairun 1969 Yakubu Gowon ya buɗe tashar. An tsara ta da injin 12, aka sa 8, masu ƙarfin megawat 760.

Bayan bangon dam ɗin sai ga tafki mai tsawon kilomita wajen 135, ya miƙe tun daga Kainji har zuwa Yelwa. Tsohon garin Bussa ya nutse. Babban tsibirin Foge, ruwa ya cinye mafi yawansa. Gungu bayan gungu suka ɓace tare da gonakin albasar da Gungawa suka shahara da su. Mutum kimanin 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200 aka tayar, kaso mai yawa daga cikinsu talakawan Sarkin Yauri Muhammadu Tukur ne, wanda ya yi sarauta daga 1955 zuwa 1981.

Da farko diyyar kuɗi aka fara biya, kowa ya je ya gina nasa. Abin bai tafi yadda ake so ba, ga ruwa na tafe, sai gwamnati ta canza shawara: ita za ta gina. Aka ɗauko kamfanin zanen gine-gine na Fry, Drew da Atkinson, Robin Atkinson ya jagoranci aikin. A yi masa adalci, mutumin ya zaga ya duba yadda kowace ƙabila ke tsara gidanta, ya yi ƙoƙarin kwaikwayon zaure da tsakar gida da ɗakuna masu siffar da mutane suka saba. Aka gina sababbin matsugunai fiye da 100, da rijiyoyi da masallatai da kasuwanni da makarantu. A idon masu zane na duniya aikin ya yi suna.

Sai dai da me aka gina? Da bulon siminti, aka rufe da kwanon asbesto mai lanƙwasa. To ga inda gizo ke saƙar. Mutumin da duk rayuwarsa in bango ya tsage zai kwaɓa ƙasa ya shafe, yanzu an ba shi bangon da sai da siminti, da rufin da in ya fashe babu irinsa a kasuwar Yelwa balle ta Wara. Mutane suka yi ta ƙorafin zafi da ƙanƙantar ɗakuna. Da yawa suka koma suna ƙara ɗakunan ƙasa a gefen na gwamnati, wasu ma suka bar sabon gari suka koma kusa da ruwa inda sana'arsu take. Masu bincike irin su Frank Salamone da Wolf Roder sun yi rubutu a kan yadda mutanen yankin suka yi ta fafutukar daidaita rayuwarsu bayan tashin.

Kun ga abin da ya faru? An miƙa wa mutane gari gamamme, kamar yadda ake miƙa wa amarya ɗaki a jere. Amma garin yana da rijiya mai bangon siminti, da hanyar mota, da kwalbati, abubuwan da gayya da fartanya kaɗai ba za su iya riƙewa ba. Masu ginin kuma aikinsu gini ne. Suna gamawa suka naɗe kayansu.

Ba Najeriya kaɗai ba ce. Ghana ta riga mu da dam ɗin Akosombo, inda aka tayar da mutum kimanin 80,000 aka zuba su a sababbin garuruwa 52, su ma suka yi fama da kusan irin waɗannan matsaloli.

RUWAN DA KE GUDU DA RUWAN DA KE KWANCE

Yanzu mu zo ga abin da ya fi shafar kwata da masai. Dam ya canza halin ruwan. Da, kogi ne mai wucewa. Yanzu tafki ne mai lungu-lungu, inda ruwa ke kwanciya a gefe cikin ciyawa. Ruwa mai gudu yana tafiya da abin da ka ba shi. Ruwan kwance ajiye maka yake yi.

Ga kuma hawa da sauka. A shekara ruwa biyu ke shigowa Kainji. Akwai farin ruwa, na daminar nan kusa, mai laka, da ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, laka ta kwanta masa a hanya, ya iso da sanyin hunturu. Tsakanin cikar tafki da janyewarsa akwai bambancin tsayi na kusan mita 10. A ƙasa mai shimfiɗe, wannan na nufin bakin ruwa na iya matsawa da nisa sosai. Filin da aka yi bahaya a kai da rani, ko aka zuba shara, shi ne ƙasan ruwan da yara za su yi wanka a ciki bayan 'yan watanni. Masai da aka haƙa kusa da gaɓa, ruwan ƙasa na tasowa ya cika shi, abin da ke ciki ya bi ƙarƙashin ƙasa ya nufi rijiya.

Tsargiya ita ce babbar shaida. Yadda take yaɗuwa ba boyayye ba ne: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa da ke son ruwan kwance mai ciyawa, ya girma ya fito, ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Dam ya nutsar da duwatsun da baƙin ƙudan nan mai makantarwa ke haihuwa a sama da shi, wannan alheri ne. Amma ya shimfiɗa wa katantanwa tabarma. Tun farkon shekarun 1970 jami'an Hukumar Lafiya ta Duniya suka zo bincike a kan tsargiya a garuruwan bakin tafkin. A wasu wurare har an ɗauki fitsarin jini ga yaro namiji kamar alamar girma. Cuta ce, jama'a, kuma in ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda. Ana raba ƙwayar magani a makarantu, tana aiki. Amma yaron da ya sha magani yau, in gobe ya koma ruwan da ake fitsari a ciki, an koma gidan jiya.

Sai kuma baƙuwar kainuwar nan mai fure ruwan hoda-hoda, wadda ta mamaye sassan tafkin a shekarun 1990, tana toshe mashigar jirage tana yaga koma. Har sai da aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus kan kamun kifi ya sa shinge a kan kogi wajen Zamare don tare ta. Daga sama ta gangaro, gaskiya ne. Amma abincinta shi ne ruwa mai taki, kuma ruwan kwatar gari taki ne.

GARI ƊAYA, UBANGIDA GOMA

To wa ya gaji waɗannan garuruwa? Ku bi lissafin nan a hankali. A 1972 aka haɗe hukumar madatsun ruwa da hukumar lantarki aka samu NEPA, ita kuma damuwarta wuta ce, ba rijiyar ƙauye ba. Ƙasar Yauri tana jihar Arewa maso Yamma daga 1967, ta koma jihar Sakkwato a 1976, ta koma jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991. A 1976 ɗin kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi, En'e ta kau, ikon hakimi da dagaci a kan ayyukan gari ya koma hannun majalisar ƙaramar hukuma.

A takarda babu ruɗani. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gini da kula da hanyoyi da tituna da magudanan ruwa, da samar da bandakunan jama'a, da kwashe najasa da shara. Wato aikin ciyaman ne da kansiloli. Amma kuɗin ƙaramar hukuma ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake biyowa, kuma kowa ya san labarin wannan asusu a faɗin ƙasar nan: abin da ke isa sakatariya da ƙyar yake wuce albashi.

Da ƙaramar hukuma ta kasa, sai aka shiga zamanin hukumomin gaggawa. A 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta kawo yaƙi da rashin ɗa'a, wanda ya haifar da sharar gari ta ƙarshen wata. A 1986 Babangida ya kafa DFRRI, ta buɗe hanyoyin burji da rijiyoyi a karkara ko'ina a ƙasa. Zamanin Abacha aka yi PTF. A 2002 aka kafa FERMA don gyaran hanyoyin tarayya. A 2010 aka yi dokar HYPPADEC, hukumar da aka ce ta kula da yankunan da ke samar da wutar ruwa, amma sai bayan shekara goma ta fara aiki, shugabanta na farko kuma, Abubakar Sadiq Yelwa, ɗan ƙasar Yauri ne. Ita tashar Kainji tun 2013 tana hannun kamfanin Mainstream.

Kowace daga cikin waɗannan ta yi wani abu, ba a musu. Amma ku lura da salon: a zo, a gina, a yanka ƙyalle, a kafa allo mai sunan wanda ya bayar, a tafi. Gini yana da iyaye da yawa. Yasar kwata ce marainiya, don ba a ɗaukar hoto da ita, ba a yi mata waƙa.

YADDA HANYA KE MUTUWA

Injiniyoyin hanya suna da magana ɗaya da suke maimaitawa: babban maƙiyin hanya ruwa ne. Hanyar burji mai lafiya tsakiyarta a tashe take kamar bayan kifi, don ruwa ya gangara gefe. A gefen akwai lambatu da zai karɓe shi, a gaba akwai kwalbati da zai tsallakar da shi. Shi ke nan sirrin.

Mutuwarta kuma a jere take zuwa. Shekarar farko yashi da leda su cika kwalbati. Wannan aikin mutum biyu ne da shebur, wuni ɗaya. Ba a yi ba. Shekara ta biyu ruwa ya rasa mafita ya hau kan hanya, ya kwanta, ƙasan ta yi laushi, motar yashi ko ta shinkafa ta wuce ta bar kwari. Yanzu aikin ya zama na gireda da tifa. Ba a yi ba. Shekara ta uku ruwa ɗaya mai ƙarfi ya zo ya yanke hanyar gida biyu, ya tafi da kwalbatin. Yanzu sai kwangilar miliyoyi, sai an je Birnin Kebbi ko Abuja, sai an jira shekarar zaɓe. Duk wanda ya san hanyar Malando zuwa Ngaski zuwa Wara, ko hanyoyin da ke ratsawa daga babban titi zuwa ƙauyukan Shanga, ya san wannan labari ba sai an ba shi ba.

A bakin Kainji kuma ruwa ta fuska biyu yake cin hanya: na sama yana gangarowa, na tafki yana tasowa. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun nuna wa jihar Kebbi haka ƙarara, gadoji da gonakin shinkafa suka tafi.

Sannan a wannan ƙasa hanya ba ta ƙarewa a inda tudu ya ƙare. Babu gada a kan tafkin, don haka mashigar jirgi da jirgin kansa su ne ci gaban titi. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako da ya taso daga ɓangaren jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage ya nutse kafin ya isa Wara. Kaɗan ne suka tsira. Allah ya jiƙansu da rahama. Lodi ya yi yawa, jirgin ya gaji. Shi ma wannan labarin gyara ne: wa ke duba jirgi kafin ya tashi, wa ke ƙirga fasinja, wa ke sa alama a kan kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun 1968?

TO RUWAN ƘAZANTA FA, INA ZA A KAI SHI?

In aka ce tace ruwan najasa, wasu sai su hango manyan bututu a ƙarƙashin ƙasa da injuna irin na Wupa a Abuja. Ƙauyen bakin Kainji ba wannan yake buƙata ba, kuma in an gina masa ma, ranar da famfo ya tsaya ko dizal ya ƙare, an sake maimaita labarin rufin asbesto.

Abin da ya dace shi ne a raba ruwa uku, kar a bari su haɗu. Ruwan sama ya bi lambatu ya fita. Ruwan wanka da wanki ya shiga ramin sokawe mai duwatsu a cikin gida, ko ya shayar da ayaba da zogale, maimakon ya fito ta rariya ya kwanta a lungu yana tara sauro yana cin gindin katanga. Bayan gida kuma ya tsaya a masai. Ƙa'idar da ma'aikatan tsafta ke bi ita ce masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, ƙasan ramin kuma ya kasance sama da ruwan ƙasa da mita ɗaya da rabi. A gaɓar tafki, inda ruwan ƙasa ke kusa, sai a ɗaga masai sama a kan tudun da aka gina, kuma a auna da inda ruwa ke kaiwa lokacin cikarsa, ba inda yake da rani ba. Akwai kuma masai mai rami biyu: in ɗaya ya cika a rufe shi a koma ɗayan, bayan kamar shekara biyu abin da ke ciki ya bushe ya zama taki.

Manyan garuruwa irin Yelwa da Wara, masu kasuwa da tasha, matsalarsu ta wuce nan. In masai ya cika aka yashe, ina ake zubarwa? Nan ne ake buƙatar kududdufan tacewa: a keɓe fili can nesa da gaɓa, a haƙa tafkuna uku a jere. Na farko mai zurfi, dauɗa ta kwanta a ƙasa. Na biyu mai faɗi, rana da gansakuka da ƙananan halittu su cinye saura. Na uku marar zurfi, hasken rana ya kashe ƙwayoyin cuta. Ba inji, ba wuta, sai fili da rana da mai kula. Rana kuwa Allah ya hore mana. A gabashin birnin Kolkata na Indiya da irin wannan dabara ake tace ruwan birni har a yi kiwon kifi a ciki, shekaru da dama ke nan.

Batun ba ƙarami ba ne. Binciken gwamnatin tarayya da UNICEF na 2021 ya ce 'yan Najeriya kimanin miliyan 48 ke bahaya a fili. A shekarar kuma kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 ta kashe fiye da 3,000, akasari a Arewa. Amma a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta daina bahaya a fili. Jigawa ba ta fi Kebbi kuɗi da wani abin a zo a gani ba. Bin ƙauye-ƙauye aka yi, da masu unguwanni da limamai.

A RABA AIKI, A SA SUNA

Akwai misali ɗaya daga Pakistan da ya kamata matasanmu su sani. A 1980, a unguwar Orangi ta birnin Karachi, Dakta Akhtar Hameed Khan ya fara wani shiri. Ya ce a raba aikin gida biyu. Na ciki, wato masai da magudanar lungu, mutanen lungu su haɗa kuɗi su yi, su zaɓi mutum ɗaya ya riƙe lissafi. Na waje, wato babbar magudana da wurin tacewa, wannan na gwamnati ne. Dubban lunguna suka yi nasu. Kuma da yake da kuɗinsu suka gina, in ta toshe ba sa jiran kowa.

In kun duba, ai wannan gayya ce aka sa mata littafin lissafi. Abin da ƙasar Yauri ta sani ne tun kafin dam. Abin da ya ɓace a 1968 da 1976 shi ne iyaka: daga ina zuwa ina ne namu, daga ina ne na hukuma, kuma wane ne mutumin da za a kira da suna.

Yanzu akwai ƙofofi biyu da suka buɗe. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma hukuncin na nan. Sannan Kebbi na cikin jihohin shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafawa, wanda cikin sharuɗɗansa akwai kafa asusun gyaran hanya a jiha, don kar a gina a watsar.

To ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kai ɗan Zamare ne, ko Tondi, ko Libata, ko Gebbe, ko Dugu, ga abin da za ka iya farawa da shi ba tare da jiran kowa ba. Ku zaga da waya ku ƙirga kwalbatocin da ke tsakanin garinku da babban titi, ku ɗauki hoton kowane, ku rubuta mai lafiya da wanda ya toshe. Wanda shebur zai iya, ku sa ranar gayya kafin ruwan farko, ku sanar da mai gari. Wanda ya fi ƙarfinku, ku kai wa kansila a rubuce, da kwanan wata, ku riƙe kwafi. In ɗan siyasa ya zo da alƙawarin sabuwar hanya ko sabon famfo, ku yi masa godiya, sannan ku tambaye shi: ranka ya daɗe, in ya lalace wa zai gyara, kuma da wane kuɗi? A 1968 ba a ba kakanninmu damar yin wannan tambaya ba. Ruwa na tasowa, motar kwashe kaya na jira. Mu muna da damar.

Nan za mu dakata. Mutanen Yauri da Ngaski da Shanga, musamman waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka ga tashin, ku tambaye su sunan tsohon garinsu da abin da aka gina musu a sabo, da abin da ya rage a tsaye yau, ku rubuto mana a wurin sharhi. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta. Sai mun haɗu a kashi na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.